Fatar Mama ta saluɓe a gadon asibiti: kuskuren nas ne, jifa ne, ko maganin ne?

"Assalamu alaikum. Don Allah ina neman ƙarin bayani. Mahaifiyarmu ce, shekarunta 54, aka kwantar da ita saboda shanyewar ɓarin jiki, kwana biyu da kwanciya sai ta fara jijjiga kamar mai farfaɗiya, aka ɗora ta a kan wata ƙwaya safe da dare. Jijjigar ta tsaya har an fara maganar sallama. A kwana na 12 sai zazzaɓi mai zafi, ta ce maƙogwaro na mata ciwo idonta na raɗaɗi, aka ce maleriya ce aka yi mata allura. Washegari ƙuraje suka feso, leɓenta ya kumbura ya fashe, bayan kwana biyu fatar bayanta da ta ƙirji ta fara saluɓewa kamar wadda aka watsa wa ruwan zafi. Likita ya ce riyakshan ne na magani, ya kira wani suna wai SJS. Yanzu sati uku kenan, Alhamdulillah ta fara farfaɗowa, amma gida ya rabu biyu, yayyena maza sun ce allurar maleriyar ce nas ta yi kuskure sai an kai ƙara, gwaggonninmu sun ce jifa ne. Ni dai gaskiya nake son sani. Kuma zai iya sake dawo mata? Mu 'ya'yanta fa?"

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya ba Mama lafiya Ya sa kaffara ce, ku ma sannunku da jinya, don duk wanda ya taɓa kwana kusa da gadon mai wannan lalurar ya san ba ƙaramin tashin hankali ba ne, ko mu da muke gani jifa-jifa sai mun dake. Ni aikina harhaɗa magunguna ne a asibiti, famasis kamar yadda ake ce mana, kuma ina cikin waɗanda ake kira wod idan ana zargin magani ya cutar da majinyaci, mu zo mu zauna mu tantance wanne ne. To idan na fahimce ki abu huɗu kike nema, mene ne ya samu Mama, laifin wa ne, zai iya dawowa, sannan ku 'ya'yanta kuna cikin haɗari ko a'a. Tun farko in gaya miki ban ga fayil ɗinta ba, ban ga takardar da nas ke sa hannu duk sanda aka ba da magani ba, don haka a kan labarinki zan ɗora magana, hukuncin ƙarshe yana hannun likitocin da suka duba ta. Amma labarin naki ya zo a tsare, kin kawo kwanaki, kuma a wannan harkar kwanakin nan su ne kusan komai.

Illar magani iri biyu ce

Akwai wadda muke tsammani, wato aikin maganin ne ya wuce gona da iri. Maganin suga ya saukar da suga har mutum ya fara gumi yana karkarwa, maganin hawan jini ya sa jiri, maganin tsinka jini ya sa dasashi ya riƙa zub da jini, Feldene ko daikulofenak su tayar da olsa. Wannan ita ce mafi yawa, tana bin yawan abin da aka sha, a rage ko a canza sai a zauna lafiya. Wani bincike da aka yi a asibitoci biyu a yankin Libaful na Ingila aka fitar a 2004 ya bi mutum sama da 18,000 da aka kwantar, aka tarar 6.5 cikin 100 illar magani ce ta kawo su, kuma galibinsu irin wannan ta farkon ce. Kin ga ko can da suke da kayan aiki ba su tsira ba.

Sai ta biyu, wadda ba ta da wata alaƙa da aikin da aka ba da maganin dominsa. Maganin daidai, awo daidai, lokaci daidai, mutum dubu su sha su tashi lafiya lau, sai a samu ɗaya jikinsa ya ce bai yarda ba. Ba kasafai take faruwa ba amma idan ta zo tana iya ɗaukar rai. Ta Mama a nan take.

SJS ɗin da likita ya faɗa gajarta ce ta Stevens-Johnson, sunayen wasu likitocin yara biyu ne a Amurka da suka rubuta labarin yara maza biyu a 1922, zazzaɓi, baki ya ɗaye, ido ya kumbura yana ruwa, ƙuraje ko'ina. A 1956 wani likitan fata ɗan Birtaniya mai suna Alan Lyell ya bayyana mafi munin nau'insa, wanda fata ke tashi falle-falle, shi ake ce wa TEN. Yanzu an yarda ciwo ɗaya ne, faɗin fatar da ta tashi ke raba su, ƙasa da kashi 10 cikin 100 na jiki a ce SJS, sama da kashi 30 a ce TEN, tsakani kuma a ce ya haɗa biyun. Tafin hannun majinyaci da yatsunsa kusan kashi 1 ne, da shi muke kintace. A shekara mutum 1 zuwa 6 cikin miliyan ke samunsa, kenan jiha mai mutum miliyan 10 za a iya samun 10 zuwa 60, shi ya sa akwai nas ɗin da za ta yi shekaru tana aiki ba ta taɓa gani ba. A SJS kusan 1 cikin 10 ne ke rasuwa ko ƙasa da haka, a TEN kuwa yana kaiwa 3 cikin 10 har ya wuce, kuma shekaru sama da 40 na ƙara haɗarin. Na faɗi wannan ne don ki san girman abin da Allah Ya tsallakar da ita.

Yadda yake faruwa kuwa, ki ɗauka 'yan sintirin unguwa ne. Garkuwar jiki tana da wasu ƙwayoyin farin jini da aikinsu su zagaya su kama baƙo su kashe. A jikin wasu mutane ƙalilan maganin yana zuwa ya maƙale a jikin wata alama da ƙwayoyin fata ke ɗauke da ita, alamar da ke nuna su 'yan gida ne, sai kamanninta ya canza, 'yan sintiri su ga ɗan gida su ɗauka ɓarawo ne su rufe shi da duka. Saman fata ya mutu ya rabu da na ƙasansa, ruwa ya taru tsakani, ko zanin gado ya goga sai ya zame. Kuma ba fatar waje kaɗai ba, har laushin cikin baki, ido, maƙogwaro da al'aura, shi ya sa kika ga leɓe da ido suka fara.

An bar jaki ana dukan taiki

Nan ne nake so yayyenki su saurara. 'Yan sintirin nan ba rana ɗaya suke haɗa gangami ba, sai sun ɗauki kwanaki suna taruwa. Ga wanda bai taɓa shan maganin ba, SJS yana fitowa ne galibi tsakanin kwana 4 zuwa 28 da farawa, wani lokacin har sati 8. To ki lissafa da kanki. An fara ƙwayar jijjiga a kwana na 2, zazzaɓi ya zo a kwana na 12, kwana 10 kenan, tsakiyar lokacin da muke tsammani. Allurar maleriya kuma an yi ta ne bayan zazzaɓin ya riga ya zo, bayan maƙogwaro ya fara ciwo ido ya fara raɗaɗi. Waɗannan ukun ba maleriya ba ce, farkon SJS ɗin ne da kansa, haka yake sallama, kwana 1 zuwa 3 kamar mura ko masassara kafin fata ta nuna. Ciwon ya riga allurar shiga ɗaki, ita dai tsautsayi ne ya sa ta zama abu na ƙarshe da kowa ya gani da idonsa kafin ƙuraje su feso. Wallahi kusan duk wanda na taɓa bibiya haka dangi ke cewa, allurar jiya ce, saboda ƙwayar da aka yi kwana goma ana sha ba abin da ya faru ba mai tuna ta.

Kuma magungunan jijjiga na cikin sahun gaba a masu jawo wannan abu. Kabamazafin da aka fi sani da Tegretol, fenitoyin wato Epanutin, fenobabiton, da lamotirijin. A Tegretol ana ƙiyasta 1 zuwa 6 cikin sababbin masu sha 10,000. Sauran manyan su ne dangin salfa, Septrin da Fansidar, sai alofurinol na ciwon gaɓɓai mai alaƙa da taruwar gishirin yurik a jini, sai Feldene da 'yan'uwansa, sai nebirafin da aka daɗe ana ba masu cutar HIV kafin a koma sabon haɗin magani mai suna TLD. Masu HIV ɗin ma haɗarinsu ya ninka na sauran mutane kusan sau 100, har akwai wani tsohon maganin tarin fuka, tiyasetazon, da aka daina amfani da shi a ƙasashen Afirka saboda yadda ya riƙa saluɓe fatar masu HIV yana kashe su. Kar wani ya karanta wannan ya hana matarsa mai ciki shan Fansidar ɗin awo ko ya hana yara maganin rigakafin maleriya na damina, miliyoyi ke sha lafiya kuma maleriyar ta fi kisa nesa ba kusa ba. Wanda ya taɓa yin riyakshan ga salfa da wanda yake kan Septrin kullum su ne ba a ba.

Duk da haka ba na yanke hukunci da ka. Abin da muke yi shi ne mu ja layi a takarda, mu koma baya sati 8, mu rubuta duk abin da ya shiga bakin majinyaci da ranar da aka fara da ranar da aka daina, har wanda aka siyo a kemis, har jiƙo da tsimi da garin da wata gwaggo ta kawo a ɓoye cikin fulas, don wannan ma muna gani sosai kuma sai an lallaɓa ake faɗa. Idan Mama ta sha wani abu makonni kafin a kwantar da ita, ko an ba ta wani maganin kashe ƙwayoyin cuta a kwanakin farko, ku faɗa, zai iya canza lissafin. Akwai ma ƙalilan da ba magani ne ya jawo musu ba, wata ƙwayar cutar huhu ce, amma an fi ganin haka a yara.

To akwai laifin asibiti ko babu

Ba da maganin jijjiga ga mai jijjiga ba kuskure ba ne, barinta tana jijjiga bayan shanyewar jiki shi ne zai zama sakaci. Kuma babu wani tes da ake yi a asibitocinmu da zai nuna tun kafin a sha cewa wance za ta yi SJS. Ɗan gwajin nan da ake yi a fatar hannu kafin wasu allurai bai shafi wannan ba ko kaɗan. Maganar jabu ko wanda ya lalace ita ma ba ta zauna ba, don gurɓataccen magani jama'a yake kwasa lokaci guda, kamar My Pikin na haƙorin yara a 2008 da ya kashe yara sama da 80 ta hanyar lalata musu ƙoda. Ƙwayar da Mama ta sha daga kwali ɗaya aka ba wasu a wod ɗin kuma ba abin da ya same su.

Amma ba zan ce miki ba inda za a iya samun gyara ba, in na faɗi haka na kare abokan aiki ne kawai. Tambaya uku ce mai ma'ana. Ta farko, an san Mama ta taɓa yin riyakshan ga wannan maganin ko ɗan'uwansa, kun faɗa ko yana rubuce, aka sake ba ta? Idan haka ne wannan kuskure ne ƙarara. Ta biyu, daga sanda baki da ido suka nuna, yaushe aka tsayar da ƙwayar? Wannan ita ce ta fi damuna, don abin da aka tabbatar yana rage mutuwa shi ne saurin tsayar da maganin, kowace rana tana da lissafi. Ranar zazzaɓi kaɗai ba zan zargi wanda ya ce maleriya ba, a ƙasar nan kowane zazzaɓi maleriya ne ko taifot har sai an ga akasin haka, ni kaina na taɓa sa hannu na fitar da maganin maleriya ga wata baiwar Allah da ke kan fenitoyin, sai bayan kwana biyu da na ga leɓenta jikina ya yi sanyi. Tun daga ranar duk wanda aka ce min yana zazzaɓi a wod sai na fara duba me aka fara masa sati biyu baya. Amma zazzaɓi da jan ido da gyambon baki da fata mai zafi idan an taɓa, ga sabon magani, wannan kam ya kamata a tsayar da maganin a ranar. Ta uku, kulawar da aka yi bayan an gane, an ƙara ruwa, an rufe ta da ɗumi, an kira likitan ido da wuri, an kiyaye tsaftar gyambon?

Shawarata kafin maganar ƙara, ku nemi zama da babban likitan da ke kula da ita, mutum biyu ko uku masu sanyin kai, ku yi masa tambayoyin nan uku, ku nemi rahoto a rubuce. Idan amsar ba ta gamsar ba akwai teburin karɓar koke na SERVICOM a asibitocin gwamnati, akwai kuma hukumar MDCN mai ladabtar da likitoci. Amma don Allah kar a je a tsare wata nas a baranda ana mata ihu kan allurar da ba ita ce ta yi ɓarnar ba.

Su gwaggo kuma ki bi su a hankali, ban ga laifinsu ba, mutum ya kwanta da fatarsa ya tashi kamar an babbake shi ba wuta ba ruwan zafi, dole zuciya ta tafi can. Sai dai abin nan yana da suna tun shekara 100 da suka wuce, yana samun Bature da ɗan Sin da Bahaushe iri ɗaya, a kwanaki iri ɗaya, da magunguna iri ɗaya, kuma yana tsayawa idan an tsayar da maganin. Addu'a da tofi a ci gaba, ba mai hanawa. Abin da nake roƙo kar a shafa komai a fatar, ba toka, ba man shanu, ba garin ganye, ba hayaƙi, don abin da ke kashe masu wannan ciwon galibi ƙwayoyin cuta ne da ke shiga jini ta buɗaɗɗiyar fata. Ko man ƙuna na asibiti irin Dermazin muna kauce masa saboda akwai salfa a ciki. Kuma ba a ɗaukar ciwon daga jikinta, ku taɓa ta ku zauna da ita, hannu dai a wanke, don ita ake karewa ba ku ba.

Maganar magani na musamman da zai kashe wutar, har yau masana ba su haɗu a kan guda ba. Wasu na ba da sitiroyid na 'yan kwanaki, wasu saikulosiforin mai danne garkuwar jiki, wasu wani ruwan garkuwa mai tsadar gaske da ake sawa ta jijiya. Don haka idan kika ji wani asibitin ya yi daban da naku ba lallai wani ya yi kuskure ba. Abin da kowa ya yarda da shi shi ne tsayar da maganin da jinya irin ta wanda ya ƙone.

'Yan'uwansa da muke gani a wod

Abin da yayyenki ke tunani, a yi allura abu ya faru nan take, akwai shi, amma kamanninsa daban. Cikin mintuna mutum zai ji ƙaiƙayi, jiki ya yi rudu-rudu, leɓe da harshe su kumbura, numfashi ya sarƙe, jini ya faɗi mutum ya yanke jiki. Penisilin, seftiriyazon, allurar daikulofenak, allurar ƙarin jini ta ayon, maganin dafin maciji da ruwan da ake sawa kafin wasu hotuna duk suna yi. Maganinsa adirenalin ne a tsokar cinya nan take, rabin miligiram ga babba, a maimaita bayan minti 5 in bai dawo ba. Abin da ke ba ni haushi har gobe sai ka ga an ruga an ɗauko haidirokotizon da Piriton an bar adirenalin a kabad, alhali su biyun ba sa buɗe maƙogwaro a mintunan da ake buƙata. Shi ya sa ba na son allurar gida ko ta kemis ɗin lungu.

Akwai wanda ake ce wa DRESS, shi ma magungunan jijjiga da alofurinol ke kawo shi, ya fi jinkiri, sati 2 zuwa 8, fuska ta kumbura, zazzaɓi, ƙuraje, kaluluwa, fatar ba ta saluɓewa amma hanta ko ƙoda ke shan wahala a ɓoye. Akwai fashewar jan jini ga masu ƙarancin sinadarin G6PD, wanda a wasu sassan Najeriya kusan namiji 1 cikin 5 yana da shi bai sani ba, a ba shi firimakwin na maleriya ko dafson na kuturta sai fitsari ya koma kamar baƙin shayi ido ya yi rawaya, dalilin da ya sa aka janye maganin maleriya Lapdap a 2008 kenan, kuma shi ya sa muke hana sa kafur a kayan jarirai. Akwai masu kashe ɓargo ya daina yin jini, kulorafenikol da mutane ke sha kamar gyaɗa da sunan taifot yana yi wa kusan 1 cikin 24,000 zuwa 40,000, Novalgin ma yana kashe farin jini, NAFDAC ta haramta shi a 2005. Sai wani da bai cika kisa ba amma ya fi kowanne jawo maganar iska, allurar hana amai ta sa wuyan yarinya ya karkace ido ya kafe sama harshe ya fito. Na taɓa tarar da an zagaye wata budurwa ana mata ruƙiyya, aka yi mata allurar da ke warware shi, kafin a gama shafa addu'a ta tashi zaune tana neman ɗankwalinta.

Za ki ce to me ya sa ake barin irin waɗannan a kasuwa. Kafin a fitar da magani mutum dubu kaɗan ake gwada shi a kansu, abin da ke samun 1 cikin 10,000 kuwa sai an gwada wajen 30,000 kafin a kusa tabbatar an ga ko guda. Sai ya shiga hannun miliyoyi ake ganowa. Bayan abin da talidomaid, wani magani da mata masu ciki suka riƙa sha, ya yi, jarirai sama da 10,000 aka haifa da nakasar hannu da ƙafa kafin a janye shi a 1961, Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa tsarin tattara rahoto a 1968, cibiyarsa na Upsala a ƙasar Suwidin, Najeriya ta shiga a 2004. Akwai fom mai ruwan ɗorawa na NAFDAC da ake cikewa, akwai kuma manhajar Med Safety a waya tun 2020 da ke ma za ki iya tura rahoto. Ki tambayi famasin asibitin ko an cike wa Mama, don gaskiya mu ma'aikata muna da kasala a nan.

Zai dawo?

Da kansa ba ya dawowa. Amma idan ta sake shan maganin zai dawo, kuma wannan karon ba jiran kwana 10, 'yan sintirin sun riga sun san fuskar, cikin kwana ɗaya ko biyu ne, kuma yakan fi na farko muni. Akwai wani matashi da muka yi jinya bayan Septrin, ya warke aka sallame shi aka gaya masa da baki, bayan shekara biyu tari ya kama shi ya je kemis, ya ce kar a ba shi Septrin, mai kemis ya ba shi wani kwali mai wani suna daban alhali sinadarin ɗaya ne. Ya dawo mana kwana biyu bayan nan, ya rayu amma idonsa ɗaya bai koma daidai ba. Tun daga kansa na daina yarda da faɗa da baki.

Don haka kafin ku bar asibitin nan ku sa likita ya rubuta ainihin sunan sinadarin, ba sunan kamfani kaɗai ba, da sunayen danginsa. Wannan na dangi yana da muhimmanci, idan Tegretol ne to fenitoyin da fenobabiton ma ta bar su, suna kama da juna a idon garkuwar jiki, lamotirijin ma a kauce masa. Akwai waɗanda ba dangin ba kamar Keppra ko Epilim, likita zai zaɓa idan har yanzu tana buƙata, kar ku tsayar mata da maganin jijjiga gaba ɗaya da kanku. A rubuta da jan biro a bangon fayil, a yi kati a leda ya zauna a jakarta, kowannenku ya ɗauki hotonsa a waya, a nuna a duk asibiti da kemis har wajen cire haƙori, har likitocin alhazai idan Allah Ya kira ta. Kuma kar wani ya ce bari a gwada rabi a gani, ba a gwadawa.

Fatar kan tofo cikin sati 2 zuwa 3, za ki ga dabbare-dabbare wani wuri fari wani baƙi ƙirin, yana ɗaukar watanni har shekara ya daidaita, a kiyaye ta daga rana kuma kar a kusanto da man bilicin. Farce na iya zubewa ya sake fitowa. Ido shi ne abin tsoro, don matsalarsa kan fito bayan an koma gida an saki jiki, bushewa, jin kamar yashi, gashin ido ya juya ciki yana gogar ƙwayar, fatar ido ta manne, wasu har makanta. Ko ta ce ba ta jin komai a ci gaba da kai ta wajen likitan ido, kuma kar a ɗiga mata komai da ba shi ya rubuta ba, har kwalli a dakata. Sannan ke da kike mace ki tambaye ta a keɓe ko akwai zafi ko wahalar fitsari ko wani canji a gabanta, wurin yana iya mannewa yayin warkewa, kuma iyayenmu ba za su taɓa faɗa wa likita namiji wannan da kansu ba.

Ku 'ya'yanta kuma, ciwon kansa ba a gadonsa, amma alamar nan da na ce maganin ke maƙalewa a jikinta ana gadonta. A 2004 masu bincike a Taiwan suka gano kusan duk 'yan asalin Sin da Tegretol ya yi wa SJS suna ɗauke da wata alama guda mai suna HLA-B*15:02, har a 2007 hukumar magunguna ta Amurka ta ce a riƙa gwada 'yan asalin yankin Asiya kafin a ba su. Wannan alamar ba ta da yawa a jinin 'yan Afirka, don haka ko kin biya kuɗi an yi miki wannan tes ɗin ya fito babu, bai wanke ki ba. Abin da nake gaya wa iyalai shi ne 'ya'ya da 'yan'uwan ciki ɗaya su ɗauki maganin da ya kama mahaifiyarsu a matsayin wanda za su kauce wa muddin akwai madadinsa, ku faɗa wa duk likitan da zai rubuta muku maganin jijjiga ko na ciwon jijiya, don Tegretol ɗin ana ba da shi ga ciwon jijiyar fuska da wasu lalurorin ƙwaƙwalwa ma ba farfaɗiya kaɗai ba. Sauran magunguna kuma ku sha yadda kowa ke sha, sai dai duk sabon da aka fara, a wata biyun farko in zazzaɓi ya haɗu da jan ido ko gyambon baki ko ƙuraje masu zafi, kar a ƙara ko ƙwaya ɗaya sai likita ya gani, a tafi a ranar, a tafi da kwalin a hannu.